Dandali a Wajen Birni: Tarihin Zauren Wasanni na Richfield, 1974–1999

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Oktoba 1974 aka buɗe wani katafaren zauren wasanni a wani ƙauye mai suna Richfield, cikin Jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Rufaffen gini ne mai cin mutum 20,273 idan ana wasan ƙwallon kwando, an kuwa kashe dala miliyan 36 wajen gina shi. Da za a tara duk mazauna Richfield na wancan lokaci, manya da yara, a zaunar da su a ciki, da ba su cika ko rabin kujerunsa ba. Zauren ya yi shekara 20 yana aiki, ya yi kusan biyar a rufe, sa'an nan aka rushe shi a 1999.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin abin da ya sa aka ɗauke dandalin babban birni aka kai shi cikin gonaki, da kuma abin da ya sa aka komo da shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ba tsufa ne ya kashe wannan gini ba. An gina shi ne a bisa wani hasashe, watau cewa birni ya mutu, jama'ar da ta cancanci a nema kuwa ta koma waje. Da hasashen ya ƙi tabbata, sai ginin ya bi shi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a gyara zama game da kalma guda. Irin waɗannan matsugunai da ke kewaye da manyan biranen Amurka ba su da takamaiman suna a Hausa. Idan aka ce bayan gari, tunanin Bahaushe zai tafi ga maƙabarta da juji da wurin kewayawa. Idan aka ce waje, kamar yadda ake cewa birni da waje a Kano, za a ɗauka mazaunin baƙi ake nufi, alhali asali da daraja suna cikin ganuwa. A Amurka ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa al'amarin a juye yake: mai hali shi ke fita, talaka shi ake bari a ciki. Saboda haka duk inda aka ce unguwannin waje a wannan maƙala, to, da wannan ma'ana ta Amurka ake nufi.

2.0 Birnin da Aka Guda

Cleveland birni ne na masana'antu a bakin Tafkin Erie, wanda ƙarfe da matatun mai da ƙere-ƙeren kayan mota suka raya. A ƙidayar 1950 yana da mutum 914,808, shi ne na bakwai a girma a duk ƙasar. A 1970 adadin ya sauko zuwa 750,903, a 1980 kuwa 573,822. Mafi yawan waɗanda suka tashi ba nesa suka tafi ba. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta shimfiɗa tagwayen tituna da suka ratsa birnin, ta yadda mutum zai iya kwana a waje ya yi aiki a ciki. Rancen gina gida da gwamnatin tarayya ke tsaya wa kuma ya fi samuwa ga sababbin unguwanni na fararen fata, an kuwa daɗe ana hana shi ga unguwannin da baƙaƙe suka yi yawa. Baƙaƙen da suka yi ƙaura daga jihohin kudu don neman aiki sai suka cunkushe a gabashin birnin. A watan Yuli 1966 tarzoma ta ɓarke a unguwar Hough, mutum huɗu suka rasa rayukansu. A 1967 aka zaɓi Carl Stokes magajin gari, baƙar fata na farko da aka zaɓa ya shugabanci babban birni irin wannan a Amurka. A watan Yuni 1969 kuma kogin Cuyahoga, wanda ya ratsa birnin, ya kama da wuta saboda yawan mai da dattin masana'antu da ke yawo a kansa, abin ya zama abin ba'a a duk ƙasar.

A cikin wannan hali ne aka kafa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Cleveland Cavaliers a 1970. Mai ita wani lauya ne, Nick Mileti, wanda kuma ya mallaki tsohon zauren wasannin birnin da ke kan titin Euclid. Wannan tsohon zaure, wanda aka gina a 1937, yana da nasa tarihin, domin a cikinsa ne mai gabatar da shirye-shiryen rediyo Alan Freed ya shirya taron rawa na watan Maris 1952 da masana da yawa ke ɗauka a matsayin babban taro na farko na kiɗan rock and roll. Amma ya zuwa 1970 ya tsufa, ya yi kaɗan, ba shi da isasshen wurin ajiye motoci, masu kuɗin sayen tikiti kuma suna jin tsoron shiga unguwar da dare.

Mileti ya dubi taswira. Kudu da Cleveland akwai Akron, birnin tayoyin mota, mazaunin kamfanonin Goodyear da Firestone da Goodrich. Gaba da shi akwai Canton, gabas kuma Youngstown. Lissafinsa shi ne, waɗannan birane za su yi ta faɗaɗa har su haɗe su zama tafkeken gari guda, kuma duk wanda ya riga ya kafa dandali a tsakaninsu, to, shi ne a cibiya. Ya zaɓi wani fili a Richfield, kimanin mil 20 daga tsakiyar Cleveland, daidai inda babbar hanya mai lamba 271 ta gitta hanyar jiha mai lamba 303. Filin ma ba a cikin gundumar Cuyahoga yake ba, inda Cleveland take, a gundumar Summit yake.

Ba shi kaɗai ne ya yi wannan tunani ba. Yayi ne na zamanin. An buɗe zauren Forum a Inglewood kusa da Los Angeles a 1967, zauren Nassau a wajen New York a 1972, da Capital Centre a Landover wajen Washington a 1973. Bambancin Richfield da su shi ne, su an gina su a inda jama'a suka riga suka zauna, shi kuwa an gina shi a inda ake zaton za su zauna.

Sunan da aka ba shi, Coliseum, ya isa a tsaya a kansa kaɗan. Aro ne daga dandalin nan na birnin Rum da aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, wanda har yau kangonsa na tsaye. Amurkawa sun daɗe suna son irin waɗannan sunaye na Rum da Girka ga gine-ginensu na taro, don su lulluɓe kasuwanci da rigar daular da. Sai dai dandalin Rum a tsakiyar birni yake, talakan Rum da ƙafa yake zuwa kallo. Wanda ya yi aron sunan ya bar wannan ɓangare na ma'anarsa a baya.

3.0 Shekarun Tashe

Mawaƙi Frank Sinatra ne ya buɗe zauren. Kwana huɗu bayan haka, a ranar 30 ga Oktoba 1974, Muhammad Ali ya doke George Foreman a Kinshasa ya karɓo kambun damben duniya. Mai shirya wancan dambe, Don King, ɗan Cleveland ne, shi ya sa karawar farko da Ali ya yi don kare kambun ta faɗo a Richfield, ranar 24 ga Maris 1975. Abokin karawarsa shi ne Chuck Wepner, wani ɗan damben New Jersey da ke tallan giya don neman abinci, wanda ba wanda ya zaci zai kai ko'ina. A turmi na tara Ali ya faɗi, alƙali ya lissafa shi a matsayin kaye, ko da yake Ali ya ce taka masa ƙafa aka yi, hotuna kuma sun goyi bayansa. Ya tashi ya yi ta jibgar Wepner har turmi na 15, aka tsai da wasan saura daƙiƙa 19 a tashi. Wani matashin ɗan wasan kwaikwayo da ba a san shi ba a lokacin, Sylvester Stallone, ya kalli damben, daga nan ya rubuta labarin fim ɗin Rocky da ya fito a 1976. Ashe ke nan labarin da duniya ta sani da na talakan cikin birnin Philadelphia, asalinsa daga wani zaure ne da aka gina don a kauce wa talakan cikin birni.

Shekarar 1976 ita ce ta ba zauren suna a wurin mutanen Ohio. A bazarar wannan shekara Cavaliers, a ƙarƙashin mai horarwa Bill Fitch, suka shiga wasannin fid da gwani karo na farko a tarihinsu, suka haɗu da Washington Bullets. An yi wasa bakwai, uku daga cikin nasarorinsu huɗu kuwa a daƙiƙoƙin ƙarshe suka same su. A wasa na bakwai Dick Snyder ya jefa ƙwallon da ta raba gardama, aka tashi 87 da 85, a gaban mutum fiye da 21,000, watau fiye da adadin kujerun. Wannan shi ne abin da har yau ake kira Abin Al'ajabin Richfield. Daɗin bai daɗe ba, domin babban ɗan wasansu Jim Chones ya karye a ƙafa wajen atisaye, Boston Celtics kuma ta fid da su a zagaye na gaba.

Ta fuskar kiɗa da waƙa, zauren ya cika burin mai shi. Elvis Presley ya yi wasa a can, haka Led Zeppelin da Bruce Springsteen da sauran manyan mawaƙan zamanin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai je kallon mawaƙin da yake ƙauna sau ɗaya a shekara ba zai damu da tafiyar sa'a guda ba, kuma matasan Akron da Canton sun sami wuri kusa da su. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta cikin ɗaki, Cleveland Force, ita ma ta tara jama'a sosai a shekarun 1980.

Inda lissafin ya fara ɓaci shi ne wasannin da ake yi kowane mako. Ƙungiyar ƙwallon kwando tana da wasa 41 a gida kowace kaka, galibinsu a cikin hunturu, da dare, a ranakun aiki. Arewa maso gabashin Ohio kuwa yanki ne da iskar tafki ke zubo wa dusar ƙanƙara mai yawa. Hanyar 303 siririya ce ta karkara, ba a yi ta don motoci dubbai su fito a lokaci guda ba, saboda haka cunkoso kan taru har bisa babbar hanya. Babu jirgin ƙasa, babu wata tsayayyar motar haya ta birni da za ta kai mutum ta komo da shi. Wanda ba shi da mota ba shi da kallo. A nan ne batun ya wuce na wasa kawai. Yawancin taurarin da ake biyan kuɗi a kalla baƙaƙe ne, amma yaron unguwar Hough da ke koyon jifan kwando a kan titi ba shi da hanyar zuwa ya gan su. Ba a kafa wata doka da ta hana shi ba, nisa ne ya yi aikin da doka ta daina yi.

Har ila yau, an fara ginin ne a 1973, shekarar da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Gini da ya dogara kacokan ga mota ya zo duniya a daidai lokacin da tuƙi ya yi tsada. Tafkeken garin da Mileti ya hango kuma bai zo ba. Maimakon biranen su faɗaɗa, sai suka motse. A watan Satumba 1977 aka ba da sanarwar rufe wata babbar masana'antar ƙarfe a Youngstown, kimanin ma'aikata 5,000 suka rasa aiki. Kamfanonin taya suka yi ta kwashe masana'antunsu daga Akron. A watan Disamba 1978 birnin Cleveland kansa ya kasa biyan bashin bankuna. Ƙungiyoyin wasan hoki na kan ƙanƙara biyu da suka zauna a zauren ba su yi ƙarko ba: Crusaders ta tashi a 1976, Barons da ta maye gurbinta ta yi kaka biyu kacal aka haɗe ta da wata ƙungiya a Minnesota a 1978.

Cavaliers ma saura ƙiris su bi sahu. A 1980 ƙungiyar ta koma hannun wani ɗan kasuwa, Ted Stepien, wanda ya riƙa musayar haƙƙin zaɓen sababbin 'yan wasa na shekaru masu zuwa da 'yan wasa marasa tasiri, har hukumar wasan ta kafa ƙa'idar da ta hana irin haka, ƙa'idar da ake kira da sunansa. A kakar 1982 zuwa 1983 matsakaicin masu zuwa kallo bai kai mutum 4,000 ba a zaure mai kujera 20,000. Stepien ya yi shirin mai da ƙungiyar Toronto ta ƙasar Kanada. 'Yan'uwa biyu, George da Gordon Gund, waɗanda zauren ya riga ya koma hannunsu, su ne suka saye ta a 1983, don kada su wayi gari da gini ba mai wasa a ciki.

A hannunsu ƙungiyar ta farfaɗo, da 'yan wasa irin su Mark Price da Brad Daugherty da Larry Nance, zauren ya koma cika. Abin takaici ga mutanen Cleveland shi ne, abin da duniya ta fi tunawa na wannan zamani na baƙo ne. A ranar 7 ga Mayu 1989, saura daƙiƙa uku a tashi wasan ƙarshe na zagayen farko, Michael Jordan na Chicago Bulls ya yi tsalle ya jefa ƙwallo ta saman Craig Ehlo, aka tashi 101 da 100. A ranar 28 ga Maris 1990 kuma, a wannan zaure dai, ya ci maki 69, mafi yawa da ya taɓa ci a wasa guda.

4.0 Ɗakunan Alfarma da Harajin Sigari

Abin lura shi ne, an yanke shawarar barin Richfield a lokacin da kujerunsa ke cike. Dalilin yana cikin fasalin ginin. Zauren na daga cikin na farko da aka yi wa ɗakunan alfarma, watau keɓaɓɓun ɗakuna masu fuskantar fili da kamfanoni ke haya na shekara don karrama baƙinsu. Amma an jera su ne can ƙololuwa, kusa da rufi, sama da kujeru mafi araha. Wanda ya fi kowa biya shi ya fi kowa nisa da wasa. A 1974 wannan bai zama aibi ba, domin tikitin jama'a ne jarin ƙungiya. Ya zuwa ƙarshen shekarun 1980 albashin 'yan wasa ya hau ƙwarai, kuɗin ɗakunan alfarma ya zama abin dogaro. A 1988 aka buɗe zauren Palace a Auburn Hills, wajen birnin Detroit, da ɗakuna 180, wasunsu a ƙasa dab da fili. Daga ranar duk wani zaure irin na Richfield ya zama tsohon yayi, ko da kuwa simintinsa bai tsage ba. Kamfanonin da za su yi hayar ɗakunan kuma, bankuna da ofisoshin lauyoyi, suna tsakiyar Cleveland, ba su taɓa komawa gonaki ba.

A ɗaya ɓangaren, shugabannin birnin suna neman abin da zai komo da mutane tsakiyar gari bayan tashi daga aiki. Suka tsara gina filin wasan besbol da sabon zaure a wuri guda, a tsohuwar kasuwar tsakiyar birni, suka kira shirin Gateway. A watan Mayu 1990 aka nemi masu jefa ƙuri'a na gundumar Cuyahoga su amince da ƙarin haraji a kan giya da sigari na tsawon shekara 15 don biyan kuɗin aikin. An amince da ƙyar. Mafi yawan masu ƙuri'a na cikin birnin Cleveland sun ƙi, ƙuri'un unguwannin waje ne suka rinjaya. Wannan haraji ne da ke faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi fiye da mai hali, domin abin da ake ɗora wa kwalin sigari ɗaya ne ko wane ne ya saya. Saboda haka ba daidai ba ne a ba da labarin kamar birni ne ya yi nasara a kan waje. Mileti ya fita da dandalin da kuɗin 'yan kasuwa da bashin banki, an komo da shi da kuɗin jama'a, cikinsu har da waɗanda suka ce ba su so. Sabon zauren yana da hanyar jirgin ƙasa, wannan ci gaba ne na haƙiƙa, amma an tsara shi ne don mutanen ɗakunan alfarma su sauko kusa da fili.

Roger Daltrey, mawaƙin ƙungiyar The Who, shi ya yi wasan ƙarshe a Richfield a ranar 1 ga Satumba 1994. A watan Oktoba aka buɗe sabon zauren da sunan Gund Arena. Ba a sake waiwayar Rum wajen raɗin suna ba. A 2005 ya koma Quicken Loans Arena, sunan kamfanin ba da rance na sabon mai ƙungiyar, a 2019 ya zama Rocket Mortgage FieldHouse, a 2025 kuma Rocket Arena. A lokacin da yake ɗauke da sunan Quicken Loans ne Cavaliers suka ci kofin farko a 2016, da LeBron James, haifaffen Akron. Shi kansa Palace da ya tsufar da Richfield bai tsira ba: ƙungiyar Detroit Pistons ta bar shi ta koma cikin birni a 2017, aka rushe shi a 2020. Capital Centre an rushe shi tun 2002.

5.0 Makomar Filin

Wata biyu bayan buɗe zauren, a ranar 27 ga Disamba 1974, Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta keɓe kwarin kogin Cuyahoga tsakanin Cleveland da Akron a matsayin gandun shaƙatawa na ƙasa. Waɗanda suka yi fafitikar kafa gandun sun hango abin da Mileti ya hango, watau gine-gine za su cinye tsakanin biranen biyu, sai dai su tsoron abin suke yi, shi kuwa fatansa yake yi. Bayyanar katafaren zaure da shimfiɗaɗɗiyar kwalta a gefen kwarin ta ƙara musu hujja. Shekara 20 maƙwabtan biyu suka yi kafaɗa da kafaɗa.

Da zauren ya zama kango, masu gina manyan kantuna suka nuna sha'awar filin. Mazauna Richfield da masu kula da gandun suka ga cewa hakan zai komo da cunkoson da suka rabu da shi, kuma na kullum. A ƙarshe iyalan Gund suka sayar da filin, eka 327, ta hannun wata ƙungiyar kare filaye mai suna Trust for Public Land, aka miƙa shi ga hukumar gandayen ƙasa. Tsakanin Maris da Mayu 1999 aka rushe ginin, aka ɓamɓare kwaltar wurin ajiye motoci, aka zuba ƙasa, aka shuka ciyawa. A shekara ta 2000 aka ɗaga darajar gandun zuwa cikakken gandun ƙasa.

Ba a bar wurin ya koma kurmi ba, an riƙe shi a matsayin fili mai ciyawa, saboda wasu tsuntsaye masu yin sheƙa a ƙasa, waɗanda irin wannan mazauni ya yi musu ƙaranci a Ohio, sun kama wurin. Daga cikinsu akwai wanda ake kira bobolink, ɗan ƙaramin tsuntsu da ke cin rani a Amurka ta Kudu, ya komo nan da bazara ya yi ƙwai. Masu kallon tsuntsaye su ne ke ajiye motocinsu a gefen hanyar 303 da sassafe, su shiga ciyawar da madubin hangen nesa.